Ranar da Na Tura 'Yan Jidda Gahawar Amm Bakur

A Jinena na tsinci Tanimu, a bakin iyakar Sudan, shekara biyu bayan an ba mu mulkin kai. Yana zaune a kan buhun albasar wani, ƙafa ba takalmi, an sace su yana salla, amma yana ba mutane labarin satar suna ta sheƙa dariya. Kafin ya kai ƙarshen labarin wani direba ya cire nasa takalman na roba ya miƙa masa. Ni kuwa kwanana uku a tashar nan ina fama da zazzaɓi, ko sannu ba wanda ya ce mini. Na dube shi na ce a raina, wannan mutumin ko dai in bi shi in ci arzikinsa, ko in rabu da shi tun bai sa mini ciwon zuciya ba. Sai na bi shi.

Sunana Habu, Bakano ne ni. Na yi shekara shida ina aikin gida wurin wani Balaraben Tarabulus a cikin birni, a can na koyi dafa shayi, irin wanda da hanci ake sanin lokacin sauke shi. Tanimu manomi ne daga ƙasar Gumel, bai iya komai ba sai fartanya da surutu. Amma Allah ya ba shi farin jini. Idan muka shiga wuri tare, shi ake wa shimfiɗa, ni a tambaye shi ko yaronsa ne, alhali na girme shi da shekara huɗu.

Muka gangara Madani, muka yi kaka biyu muna cirar auduga don mu tara kuɗin jirgi. A can na ga yadda mutanenmu na hanya suke riƙe juna. Duk wanda kuka ƙetare daji tare da shi, kuka sha ruwa a salka ɗaya, ya zama abokin hanyarka, ya wuce ɗan'uwa. Idan baƙo ya tsaya a ƙofarka ya ce abokin hanyarka ne ya aiko shi, ba ka tambayarsa dalili. Ka ba shi wuri, ka ba shi abin da kake da shi, in akwai magana kwa yi da wanda ya aiko shi daga baya. Wanda ya mayar da irin wannan baƙon, ya yanke zumuncin ke nan, kuma labarinsa zai riga shi isa Sawakin, bakin tekun da ake hawa jirgi.

A kaka ta biyu na sayi buta da kofuna shida, na kafa murhu a gefen gona. Na koya wa Tanimu yadda ake auna ganye da tafin hannu, da yadda ake ɗaga buta sama a tsiyaya har kumfa ta hau. Ni ke dafawa, shi ke zagayawa da faranti. Ba a yi wata guda ba na ji leburori suna ce wa juna, zo mu je mu sha shayin Tanimu. Na ji abin har cikin ƙashina. Na yi masa magana da dare ɗaya muna cin asida, tuwon mutanen can, ya yi dariya ya ce, "Haba Habu, suna kawai ne. Kuɗin ba aljihunmu ɗaya yake shiga ba?" Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ba ni haushi.

A Sawakin wani mai jirgin katako, irin mai tafiya da iska, ya karɓi kuɗinmu na zuwa Jidda, mu arba'in da wani abu. A kwana na uku ya sauke mu a wata gaɓa da babu ko bukka, ya nuna wani dutse ya ce Jidda na bayansa. Bayan dutsen wani dutsen ne. Kwana biyar muka yi muna tafiya a ƙasa. Tun a rana ta farko wani abu mai kaifi a bakin ruwa ya yanke mini tafin ƙafa, ta kumbura ta yi suntum. Tanimu ya goya ni. Ya sauke ya huta, ya sake goya ni, yana mini waƙar noma don kada in suma. Muka iske wata tsohuwa Balarabiyar daji da raƙumanta, ta tatso mana nono a ƙwarya. Ta dafa kan Tanimu tana ta yi masa addu'a da harshen da ba mu ji sosai. Ni da nake mutuwa ko kallona ba ta yi ba. Ina kwance a kan rairayi, mutum ya ceci raina, amma abin da nake lissafi shi ne addu'ar da aka yi masa ba a yi mini ba. Ina faɗa ne don mai karatu ya san da wa yake tafiya.

Da muka ga Ka'aba mun yi kuka, mu duka biyun, wannan kam babu wanda ya fi wani. Bayan kuka sai ciki ya tuna mana da kansa. Lokacin aikin Hajji muka yi ga-ruwa a Arfa, garwa biyu a sanda, daga hantsi har rana ta faɗi. Da alhazai suka tashi daga Muzdalifa aka ɗauke mu shara. Da lokacin ya wuce garin ya yi fayau, aiki ya ɗauke, sai kewar gida ta samu wurin zama. Wata rana ina wucewa ta wani lungu na ji ƙamshin daddawa. Na tsaya cak a jikin bango kamar wanda aka kafe. Wata dattijuwa ta leƙo, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, daga ina?" Na ce Kano. Ta koma ciki ta fito da tuwo da miyar kuka a kwanon sha. Na cinye a tsaye ina share hawaye da hannun riga. Wannan alherin ni aka yi wa ni kaɗai, kuma ban gaya wa Tanimu ba, ban nuna masa lungun ba.

Shi ne ma ya samo mana aiki, kamar kullum. Ya taya wani dattijo ɗaukar buhun gawayi a kasuwar wata unguwa da ake kira Zahir, kafin su isa inda za su har sun zama uba da ɗa. Dattijon shi ne Amm Bakur, wato Baffa Bakur a bakin mutanen can. A Makka aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Katsina a ƙasa, Hausarsa rabi Larabci ce. Yana da gahawa a Zahir, ba nisa da filin ƙwallo, da bishiyar darbejiya a gabanta. A can gahawa ake ce wa wurin shan shayi: rumfa ce babba, da dogayen kujerun igiya da suke kira mirkaz, mutum ya hau ya miƙe ƙafa, a ajiye masa ƙaramar buta, barrad, da kofuna. Aka sa ni a murhu bayan bango, inda ba mai ganina sai hayaƙi. Aka sa Tanimu a gaba.

Akwai wata ƙa'ida ta gahawa da Amm Bakur ya koya mana tun ranar farko. Idan ba ka son mutum ya zauna, to ka tare shi tun daga ƙofa. Da zarar an ajiye masa barrad an tsiyaya, ya zama baƙon gida, ba mai tashinsa, ba mai taɓa shi, sai ya ga damar tashi da kansa. Ko ɗan unguwa mafi taurin kai ya san wannan.

Shekara uku muna haka. Gwiwoyin Amm Bakur suka gaza, ya ce zai koma gida ya huta, ya bar wa ɗayanmu makullin. Ban yi barci ba a makon nan. Ni ne mai shayin, kowa ya sani, ko dai ya kamata kowa ya sani. Ranar ya kira mu bayan sallar Azahar, ya dube ni ya ce, "Ya Habu, hannunka zinari ne, wallahi. Amma fuskarka, ya sattar, kullum kamar an aiko maka da rasuwa. Gahawa fuska take so." Ya miƙa wa Tanimu makulli. Sa'an nan ya ɗaga yatsa ya ce, "Sharaɗi ɗaya, ya waladi. Mai unguwa ya gargaɗe ni, in aka sake faɗan ƙwallo a nan zai rufe wurin. Ranar da aka ɗaga sanda a gahawata, halas, ka ajiye makulli, a ba ɗan'uwanka."

Da muka koma ɗakinmu Tanimu ya ce, "Habu, wurin namu ne mu biyu, ka sani." Na ce Allah ya sanya alheri. Na juya fuskata bango.

Maganar sanda kuwa ba wasa ba ce. A shekarun nan ƙwallo ta shiga jinin samarin Hijaz. Duk ranar da ƙungiyar Jidda za ta zo wasa da ta Makka, bayan Juma'a sai ka ga manyan motoci suna shigowa cike da mutane, da ganguna, da tutoci. Za su so wurin zama kafin La'asar, su kashe ƙishi, bayan wasa kuma su jira Magariba kafin su kama hanya. Gahawar Amm Bakur ta samarin unguwa ce, ƙyallen ƙungiyar Makka na ɗaure a ginshiƙinta, kuma kowane ɗan unguwa ya iya wasan sanda tun yana yaro. Don haka aka ba ni sabon aiki a ranakun wasa: in tsaya bakin hanya inda motoci ke sauke mutane, in karkatar da baƙi zuwa wasu wuraren. Tanimu ya riƙe murhu da faranti gaba ɗaya. Na yi tsammanin ranar farko za a yi ta ƙorafi a ce shayi ya canza. Na dawo na tambaya a fakaice, ba wanda ya lura.

Amma aikin bakin hanyar na iya shi, wannan ba yabon kai ba ne. Na bi gahawar da ke wannan yankin ɗaya bayan ɗaya, na sha shayin kowa, na san halin kowa. Idan motar dattawa ce, masu zuwa kallo da carbi a hannu, sai in ce su tafi wurin wani Babuhare, mutumin can gabas mai nisa, kusa da masallaci, yana da gurasa mai zafi da wake da man zaitun, sai dai ba ya son ganga, ko tafi aka yi da ƙarfi zai tattara kofunansa. Idan samari ne masu waƙa, in tura su wurin Bayamanen bayan kasuwa. Shayinsa kamar an wanke kofi, na gaya musu gaskiya, amma tulunansa sun fi na kowa sanyi, kuma kurma ne, ko rufin za su ɗaga bai dame shi ba. Akwai kuma ta wani Bahadrame, ɗan kudancin ƙasar Larabawa, kusa da gidan mai, mai rediyo, mai ƙofar baya da ke fita daidai inda motoci ke tsayawa. Wannan ita ce ta ranar da baƙi suka ci wasa. Ka sha shayinka, ka yi salla, ka fice ta baya ba wanda ya gan ka.

'Yan Jidda suka san ni. Babbansu wani direba ne, Usta Jamil, ƙato mai gashin baki, shi ke kawo motar masu ganga. Tun daga nesa zai leƙo ya yi ihu, "Ya Habu! Yau ina za mu?" Duk inda na ce, nan za su. Kowane zuwa sai ya riƙo mini soyayyen kifi a naɗe cikin jarida, domin na taɓa ce masa rabona da kifi tun Sawakin. Ya taɓa tambayata, "Waccan mai bishiyar darbejiya fa? Ƙamshin shayinta har nan." Na ce, "Usta, waccan ko an ce maka kyauta ne kada ka taka. Ka ga ƙyallen can? Na masu gida ne." Ya ce, "Tayyib. Kai ne idonmu a garin nan."

Ranar da abin ya faru, da safe ni na dafa shayin, kafin in fita bakin hanya. Shugaban samarin unguwa, Siraj, yana kishingiɗe a mirkaz ɗinsa na gindin darbejiya, mai shimfiɗar darduma, wanda ko ba ya nan ba mai hawa. Ina bayan bango na ji ya kurɓa ya ce, "Wallahi ya Tanimu, duk Makka babu mai hannunka." Tanimu ya ce, "A'a, wannan na Habu ne, shi ya koya mini ma." Siraj ya ce, "Wane Habu?"

Shekara uku da rabi yana shan abin da na dafa. Na tsaya da mafici a hannu, gawayi na ci, ni ma ina ci. Da Tanimu ya yi shiru ya karɓi yabon, da na samu abin riƙewa a kansa. Sai ya faɗi gaskiya, aka kuma ce wane Habu. Na fita bakin hanya ban yi wa kowa sallama ba.

'Yan Jidda suka ci wasan, biyu ba ko ɗaya. Ina tsaye a bakin fili suka fito suna tsalle, ganga na tashi. Usta Jamil ya rungume ni har ƙafafuna suka bar ƙasa, ya ce, "Wurin Bahadrame, ko? Ta ƙofar baya!" Ban shirya maganar ba, ko in ce na daɗe da shirya ta ban sani ba. Na ji bakina ya ce, "Bahadrame ya rufe, rasuwa aka yi masa. Ku tafi mai darbejiya."

Ya sake ni ya dube ni. "Mai ƙyallen?"

"An yi sulhu," na ce. "Mai unguwa ya sasanta. Akwai mirkaz mai darduma a gindin bishiya, na manyan baƙi ne, kai za ka hau."

"In sun hana mu fa?"

"Ka ce Habu ne ya aiko ku."

Ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya saka, ya juya ya yi wa mutanensa kira. Su ashirin ne ko fiye.

Lissafina mai sauƙi ne. Samarin unguwa suna can fili suna zagin alƙalin wasa, za su ɗan jima. Su dawo su tarar da ganga a ƙofar gahawarsu, a yi hayaniya, wani ya ɗaga sanda, ƙila a fasa kofi biyu uku. Sanda ɗaya ta ishe ni. Na bi bayansu daga nesa, na raɓe a jikin bangon gidan burodi da ke kallon gahawar.

Tanimu ya hango su, ya ajiye faranti, ya taho da sauri ya tsaya a ƙofa ya ɗaga hannu. Ina jin muryarsa. "Ma'alesh ya jama'a, yau ba wuri. Ku yi haƙuri, ku gangara gaba." Ya yi daidai, yadda aka koya mana. Da ya tsaya a haka, da sun yi gunaguni sun wuce.

Usta Jamil ya ce, "Habu ne ya aiko mu."

Hannun Tanimu ya tsaya a sama. Ya ɗaga kai ya dubi hanya, ya bi ta da ido a hankali, har idonsa ya zo kan bangon gidan burodi. Ban ɓuya da kyau ba, ko kuma ya san inda irina zai tsaya. Muka haɗa ido. Sai ya sauke hannun, ya matsa gefe ya ce, "Ahlan. Baƙin Habu baƙina ne. Ku shigo."

Wallahi a duk lissafina ban sa wannan ba. Na ba su sunana ne don Usta Jamil ya yarda ya tafi, na manta abin da sunan yake nufi a kunnen mutumin da ya goya ni. Ina kallo ya shiga bayan bango, ya fito da barrad huɗu a faranti, ya bi su ɗaya ɗaya yana tsiyayawa da sauri, har yana zubarwa, don kowa ya samu ya kurɓa kafin masu gida su iso. Ya ga Usta Jamil ya hau mirkaz ɗin Siraj, ya buɗe baki, ya fasa, ya tsiyaya masa shi ma.

Samarin unguwa suka iso kuwa, rai a ɓace, sanduna a hannu, Siraj a gaba. Ya ga ƙato a kan dardumarsa, ya ga ganga a jingine da ginshiƙin da ƙyallensu yake. 'Yan Jidda suka miƙe. Tanimu ya shiga tsakani da barrad a hannu, ya ce, "Sun sha, ya Siraj. Dubi kofunansu. Sun sha shayinmu."

Siraj ya dubi kofunan. Na ga haƙoransa sun ciji leɓe, na ga sandarsa ta fara yin ƙasa. Da shi kaɗai ne da an wuce wurin. Amma wani daga bayansa, wanda bai ji abin da aka ce ba, ya kutso ya kai wa Usta Jamil duka. Tanimu ya tare da hannun dama. Na ji ƙarar daga inda nake. Barrad ta kife, tafasasshen shayi ya bi masa hannu har gwiwa. Bai yi ihu ba, ya dai durƙusa yana cewa, "Sun sha, sun sha."

Siraj ya juya ya kwaɗa wa mai dukan mari, ya cire rawaninsa ya naɗe hannun Tanimu da kansa. Usta Jamil ya ɗauke shi cak ya sa a mota, suka tafi wurin mai ɗori, rabin motar 'yan Jidda rabi 'yan unguwa. Aka kira Magariba. Sanda ɗaya aka ɗaga, kamar yadda na nema. Na yi salla a wani masallaci da ba a san ni ba.

Washegari da hantsi aka kawo Amm Bakur a kan jaki. Ya zauna, ya sa mu a gaba. Hannun Tanimu na rataye a wuya, an ɗaure da karare. Dattijon ya ce, "Wa ya kawo su?"

Na buɗe baki, ban san me zai fito ba. Tanimu ya riga ni. "Ni ne, ya Amm. Ni na ce wa Habu in sun ci ya turo su. Na ga kamar za a yi ciniki."

Amm Bakur ya dube shi. Sa'an nan ya juyo. "Haka ne, ya Habu?"

Na ce, "Haka ne."

Ya girgiza kai, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Na faɗa a gaban Allah, ba zan janye ba." Tanimu ya laluba aljihu da hannun hagu, ya ciro makullin ya ajiye a kan mirkaz. Amm Bakur bai miƙo mini ba, ya dai nuna shi da haɓa. Na sa hannu na ɗauka.

Bayan kwana goma Usta Jamil ya dawo da motarsa, ba ranar wasa ba. Ya ce 'yan Jidda sun haɗa kai sun kama wata rumfa kusa da tashar jiragen ruwa, suna so mutumin da ya tare musu sanda ya zo ya riƙe ta, ko da hannu ɗaya ne. Ya ce Siraj ma ya aika a gaya musu su riƙe shi da kyau. Ni kuwa Usta bai dube ni ba, bai amsa sallamata ba. Ya ciro ƙunshin kifi ya ba Tanimu. Har wannan sai da na ji a raina: an kore shi daga gahawa ɗaya, gari guda ya zo ɗaukarsa da mota.

Na bi shi ɗaki in taya shi haɗa kaya, don ba ya iya ɗaure ƙunshi. Riga uku ne da bargo da buzun salla. Ina ɗaurewa, bayana na gare shi, na ce, "Ka gan ni ranar nan."

Ya ce, "Na gan ka."

"To me ya sa ka zuba musu?"

"Sun ce kai ka aiko su. In mayar da su in ce me? A ce Tanimu ya kori baƙin abokin hanyarsa?"

Na ja igiyar har ta yanke mini yatsa. Ya zauna a bakin tabarma yana gyara ɗaurin hannunsa. Can ya ce, "Habu, makullin nan tun ranar da aka ba ni tsoronsa nake ji. Ni ban iya riƙon wuri ba, kai ka iya. Kullum jira nake ka ce kana so, in je in gaya wa Amm. Na ga ka juya fuska bango, na ɗauka ba ka son maganar ne." Ya ɗago ya dube ni. "Da ka ce mini, da a daren na ba ka."

Ba da gori ya faɗa ba. Na duba fuskarsa ina neman gorin, ko ɗan ƙanƙani, in samu abin kamawa, babu. Na so in ce ya yafe mini. Amma Allah ya sani, abin da na tarar a ƙirjina a lokacin ba nadama ce kaɗai ba. Ƙyashi ne, na cewa mutum zai iya faɗin irin wannan maganar kuma har zuciyarsa haka take. Na miƙa masa ƙunshin na ce Allah ya kiyaye hanya.

Ya ce, "Ka riƙa sakin fuska, Habu. Kuma Siraj ba ya son sukari da yawa, kunya ce ta hana shi faɗa." Ya hau gaban mota. Usta Jamil ya ja, ƙura ta rufe su.

Na koma na buɗe gahawar da makullina. Na share, na yayyafa ruwa, na jera mirkaz, na dafa shayin da ban taɓa dafa irinsa ba tun Kano. Mutum na farko da ya zo wani tsohon tela ne da yake zuwa kowace rana bayan La'asar. Ya tsaya a ƙofa ya leƙa ya ce, "Ina Tanimu?" Na saki fuska iyakar iyawata na ce ya yi tafiya, bismilla, shayi ya nuna. Ya dubi kujerun, ya dube ni, ya ce bari ya dawo an jima.